Gusau: Sabbin unguwanni a filin gwamnati da batun hanyoyin shiga

Tun daga ranar 1 ga Oktoban 1996 da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato, Gusau ta zama cibiyar gwamnati da kasuwanci, kuma buƙatar matsuguni ta yi ta ƙaruwa. Buɗe Jami'ar Tarayya ta Gusau a 2013 da kwararowar mutanen karkara da matsalar tsaro ta raba da gidajensu sun ƙara faɗaɗa garin.

Sai dai babbar hanya ɗaya ce ƙashin bayan zirga-zirgar yankin: wadda ta taso daga Funtuwa, ta ratsa Tsafe da Kwatarkwashi, ta shiga Gusau, ta fita ta Bunguɗu zuwa Sakkwato. Tireloli da tankokin mai da motocin haya da babura da Keke Napep duk ita suke bi. Saboda haka, rukunin gidajen da aka gina a gefenta ba tare da wata mafita ba, a kanta zai juye dukkan motocin mazaunansa safe da yamma.

Abin da doka ta tanada

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna a matsayin amana. Shi ke ba da takardar shaidar mallaka a birane, kuma yana da ikon soke ta domin amfanin jama'a, tare da biyan diyyar gini ko amfanin gona. Dokar Tsara Birane ta 1992 kuwa ta wajabta samun izini kafin a fara gini. A hanyoyin Gwamnatin Tarayya, ana barin tazarar mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe.

Inda matsalar take

Idan aka yanka filaye kafin a fitar da tituna, akan wayi gari shaguna da katangu sun cinye hanya. Unguwa mai mashiga ɗaya takan toshe a lokacin tashi daga aiki da ranakun kasuwa, motar kashe gobara ko ta ɗaukar marasa lafiya ta rasa wurin bi. Da damina kuma, rashin magudanar ruwa kan mayar da layuka kwata. Gyara daga baya yakan zo da rusau da biyan diyya, alhali rigakafi ya fi magani.

Abin lura ga mai sayen fili

Ma'aikaci ko ɗan kasuwar da zai sayi fili ya nemi ganin taswirar da hukuma ta amince da ita. Ya duba faɗin titin da ke gaban filin da yawan hanyoyin fita daga unguwar, ya kuma tabbatar filin bai shiga tazarar babbar hanya ba. Wannan ya fi muhimmanci a kan hanyar Tsafe da ta Bunguɗu, inda aikin mayar da titin Zariya zuwa Sakkwato tagwaye zai bi.