Daga Kiyashi Zuwa Tsinken Lantarki: Tarihin Gwajin Ciwon Suga

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami a kan wannan batu shi ne wata tambaya da kawuna ya yi mini lokacin hutu. Shekararsa tara yana fama da ciwon suga. Kullum da safe sai ya huda yatsa, ya ɗiga jini a bakin wani ɗan tsinke, na'ura ta nuna masa lamba. Ran nan ya dube ni ya ce, "Kai ɗan jami'a, wa ya ƙago wannan abu?" Na yi shiru, don ban sani ba. Da na dawo makaranta na bi diddigi, sai na tarar ba mutum ɗaya ba ne. Abin mamaki kuma, mutanen da suka kafa tubalin farko ba ciwon suga suka sa a gaba ba.

Tun zamanin da, likitocin Indiya sun lura kiyashi na taruwa a kan fitsarin wasu marasa lafiya, alamar da tsofaffinmu ma suka sani. A 1674 wani likitan Ingila, Thomas Willis, ya bayyana cewa fitsarin irin waɗannan mutane yana da zaƙi, watau a lokacin harshen likita shi ne na'urar gwaji. A 1776 Matthew Dobson na Libaful ya dafa fitsarin har ya ƙafe, ya sami wani gari mai kama da sukari a gindin tukunya, ya kuma lura jinin ma yana da zaƙi. A 1848 Hermann von Fehling na Jamus ya haɗa wani ruwa shuɗi mai sinadarin tagulla, wanda kan koma ja kamar jan bulo idan aka dafa shi da fitsari mai sukari.

To, amma gwajin fitsari yana da babbar illa. Ƙoda ba ta sakin sukari sai ya haura kimanin miligiram 180 a kowane desilita na jini, saboda haka fitsari tsohon labari yake bayarwa. Bugu da ƙari, ba ya nuna faɗuwar sukari ko kaɗan. Da aka fara yi wa mutane allurar insulin a 1922, wannan illa ta zama batun rai da mutuwa, domin allurar da ta yi yawa tana iya sumar da mutum har ta kashe shi. Ya zama tilas a tambayi jinin kansa, kuma ya ba da amsa da wuri.

A nan ne hanyoyi uku suka taso. Ta farko daga funfuna ta fito. A 1928 Detlev Müller, masanin tsirrai a Denmak, ya gano wani inzayim a jikin baƙar funfuna. Inzayim wani sinadari ne na jikin mai rai da ke gaggauta aiki iri ɗaya tak. Wannan nasa, da ake kira gulukos oksides, aikinsa shi ne ya kama gulukos, watau sukarin jini, ya ƙona shi da iskar oksijin, ba ruwansa da sauran abubuwan da ke cikin jini.

Hanya ta biyu daga ɗakin tiyata take. Leland Clark na Amurka yana aikin ƙera injin da zai riƙe aikin zuciya da huhu yayin fiɗa, ya bukaci sanin yawan oksijin da ke cikin jini. An riga an san cewa wayar filatinam mai ɗauke da lantarki tana iya auna oksijin, sai dai da an tsoma ta a jini dauɗa kan lulluɓe ta, ta daina aiki. Dabarar Clark ita ce ya rufe bakinta da tantanin leda wanda iska ke ratsawa amma jini ba ya ratsawa. Ya bayyana wannan a 1956. A 1962 shi da Champ Lyons suka kawo shawarar a ɗaure inzayim ɗin Müller a bakin wannan waya. Hikimar mai sauƙi ce: in sukari ya yi yawa, inzayim zai cinye oksijin da yawa, lantarki ya ragu, daga raguwar a lissafa sukarin. A 1975 kamfanin Yellow Springs ya fitar da na'ura bisa aikin Clark, amma ta ɗakin gwajin asibiti ce, ba ta shiga aljihu.

Hanya ta uku ita ta fi burge ni, domin daga kuskure ta fara. A 1951, a Jami'ar Duquesne ta Amurka, Peter Pauson da ɗalibinsa Thomas Kealy suna ƙoƙarin harhaɗa wani sinadari mai suna fulbalin. Suka zuba gishirin ƙarfe don ya taimaka wajen ƙulla zobba biyu na kabon. Abin da suke nema bai samu ba, sai wani gari ruwan lemo wanda zafi bai cika lalata shi ba. Da ɗalibin rago ne, da ya zubar ya sake sabon lale. A 1952 Geoffrey Wilkinson da Robert Woodward a Amurka, da Ernst Fischer a Jamus, suka gano siffarsa: ƙwayar ƙarfe ɗaya a tsakanin zobba biyu, kamar a sa goro tsakanin faifai biyu. Aka sa masa suna ferosin. Wilkinson da Fischer sun sami kyautar Nobel a 1973, amma har lokacin ba wanda ya haɗa wannan gari da ciwon suga.

Sai a 1984 Allen Hill da Anthony Cass na Oksfod, tare da abokan aikinsu na Kiranfil, suka nuna amfaninsa. Matsalar tsohuwar dabara ita ce ta dogara da oksijin, alhali yawansa a jini yana hawa yana sauka. Ferosin kuwa yana karɓar ilektiron ya kuma sake shi cikin sauƙi, saboda haka ya zama ɗan aike: inzayim ya ƙwace ilektiron daga sukari, ferosin ya karɓa ya kai wa waya, na'ura ta ƙirga. A 1987 aka fitar da ExacTech, na'ura mai siffar biro, da tsinkayen da ake bugawa kamar yadda ake buga takarda, tana ba da amsa cikin daƙiƙa 30. Tsinkayen yau da yawa suna amfani da wasu 'yan aiken da wani inzayim dabam, amsa kuma kan fito cikin kimanin daƙiƙa 5, amma ginin shi ne dai na 1984.

Ka duba, ya mai karatu. Tsakanin kuskuren Pauson da na'urar aljihu shekara 36 ce, tsakanin funfunar Müller da ita kuwa shekara 59. A 2021 Tarayyar Ƙungiyoyin Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta manya miliyan 537 ke da wannan ciwo. Da an tsare Pauson a 1951 an ce ya faɗi amfanin garinsa kafin a ba shi kuɗin bincike, da ba shi da amsa. Ina ganin ya kamata mu tuna da wannan duk lokacin da muka yi wa ɗan'uwanmu na sashen kimiyya ba'a cewa yana wasa da kwalabe, haka kuma masu rabon kuɗin bincike su tuna.

Akwai kuma abin da ya rage a kanmu. Kawuna yakan tsallake gwaji kwana biyu ko uku idan kwalin tsinkaye ya kusa ƙarewa, saboda tsada, domin daga waje ake kawo irin nasa. Ilmin yadda ake yin su kuwa yana nan a rubuce cikin mujallun kimiyya tun 1984. Ina fata cikin masu karanta wannan mujalla a sami wanda zai ɗauki wannan aiki. Ni dai hutu mai zuwa zan kai wa Kawu amsarsa, in ce masa masanin funfuna ne, da maƙerin injin zuciya, da wani ɗalibi da gwajinsa ya ƙi. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, amin.