Air Jordan 1: Kyau na ido, ƙafa ta sha wuya

1/ Jama'a, kafin ku zuba kuɗin aljihunku na zango guda a kan kambas ɗin Jordan 1, ku zo mu bi tarihinsa. Zare ne, ku biyo ni a hankali.

2/ A 1984 Michael Jordan ya shiga gasar ƙwallon kwando ta NBA a Amurka, yana ƙungiyar Chicago Bulls. Shi fa Adidas yake so. Mahaifiyarsa ce ta matsa masa ya je ya saurari Nike. Ya je, ya sa hannu.

3/ Peter Moore ne ya zana takalmin, ya fito kasuwa a 1985 kan dala 65. A lokacin yawancin takalman 'yan wasa farare ne. Sai ga baƙi da ja.

4/ NBA ta rubuta wa Nike cewa launin ya saɓa dokar kayan wasa. Nike ta mayar da abin talla: ga takalmin da aka haramta! Samari suka yi caa a kansa. Abin dariyar, masu bin diddigi sun nuna wanda aka hana ɗin wani samfuri ne daban, Air Ship.

5/ To batun kyau kam babu gardama. Fata ce, dogon wuya, siffa mai tsafta. Yana shiga da jins, yana shiga da wandon wasanni.

6/ Amma daɗin sawa? Nan gizo ke saƙar. Fasahar 1985 ce: tafin ƙasan a shimfiɗe, mai tauri, 'yar jakar iskar da ke dunduniya siririya ce. Sabo kuma sai fatar ta yi laushi kafin ta daina cizo.

7/ Shaida daga mai shi: a Maris 1998, a Madison Square Garden, Jordan ya ɗauko tsohon Jordan 1 ya buga da New York Knicks. Ya ci maki 42, amma da kansa ya faɗa cewa safarsa ta jiƙe da jini.

8/ Saboda haka in don gayu ne da fita yamma, saya. In kuwa yini za ka yi kana sintiri tsakanin hostel da ajin lacca, ko wasa za ka buga, nemi mai taushi. Tarihi kake saye, ba hutun ƙafa ba.

9/ Masu shi, ya ƙafafunku? Ku faɗi gaskiya fa.