Jinyar Tsohon da Ya Kwanta a Gida: Gyambon Kwanciya, Ciyarwa da Magani

A garuruwa irin su Janfalan, Ikara, Makarfi da Hunkuyi, tsohon da aka sallamo daga asibiti bayan shanyewar ɓarin jiki ko karayar ƙugu gida yake komawa, jinyarsa kuma ta faɗa hannun matarsa, 'yarsa ko matar ɗansa. Sau da yawa ba ciwon da ya kwantar da shi ne ke maido da shi asibiti ba. Abubuwan da kwanciyar ta haifar ne: gyambo, ciwon huhu, ƙarancin ruwa a jiki da barin shan magani.

Gyambon kwanciya

Idan nauyin jiki ya daɗe yana danne fata tsakanin ƙashi da shimfiɗa, jini ba ya isa wurin, sai naman ya fara mutuwa. Awoyi kaɗan sun isa a fara wannan ɓarna, amma warkewarta kan ɗauki watanni. Wuraren da ya fi kamawa su ne ƙasan gadon baya daidai saman ɗuwawu, gefen ƙugu, diddige, idon sawu, allon kafaɗa da ƙeya.

Littattafan likitanci na cewa alamar farko ita ce wurin ya yi ja. A baƙar fata da wuya a ga wannan jan. Abin da za ku duba shi ne wurin da ya fi kewayensa duhu ko sheƙi, ko ya yi ɗumi, tauri ko kumburi. A duba kullum da hasken rana ko tocila, lokacin wanka ya fi sauƙi.

A juya majinyaci duk bayan awa 2: dama, baya, hagu. Da dare ma a juya shi, a raba aikin tsakanin mutum biyu. A sa matashi tsakanin gwiwoyi, wani kuma ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa. Tabarma ko siminti ba wurin kwanciyarsa ba ne, a nemi katifar soso mai kauri. Idan za a gyara masa kwanciya a ɗaga shi da zanen gado, kada a ja shi, kuma kada a kama hannun da ya shanye a ɗaga shi da shi, kafaɗar na iya gocewa.

Fitsari da bayan gida na cinye fata. In an shimfiɗa leda, a rufe ta da zanen auduga, a canja da zarar ya jiƙe. A wanke da ruwan ɗumi, a tsane ba tare da gogewa ba, a shafa Vaseline kaɗan. Wurin da ya riga ya canja launi kuwa ba a murza shi, murzar ƙara kashe naman take yi.

Idan fata ta buɗe, a wanke da ruwan gishirin asibiti, irin na ƙarin ruwa, a rufe da bandeji mai tsabta, a nuna wa ma'aikacin lafiya. Toka, man goge baki, baƙin mai da garin kafso da ake barbaɗawa ba sa warkar da shi, sai dai su ɓoye ruɓewar da ke ƙasa.

Ciyarwa

Shanyewar ɓarin jiki kan taɓa jijiyoyin haɗiya. Abinci ko ruwa sai ya bi hanyar iska ya shiga huhu, bayan kwana biyu a ga zazzaɓi da haki. Saboda haka ba a ciyar da majinyaci a kwance, kuma ba a yi masa ɗura. A jingina shi ya zauna sosai, a ba shi da cokali kaɗan-kaɗan, a bar shi a zaune minti 30 bayan ya gama. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya. Tari ko ƙwarewa a kowane cokali, ko murya ta koma kamar akwai ruwa a maƙogwaro, dalili ne na dakatawa a je asibiti. Wani sai an sa masa robar abinci ta hanci, kuma wannan ba alamar an yanke ƙauna ba ce.

Kunu zalla ba ya gina nama. A haɗa da wake, ƙwai, nono, awara, kifi ko gyaɗa. Mai hawan jini a rage masa gishiri da dunƙulen ɗanɗano. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada babba ya wuce giram 5 na gishiri a rana, wato ƙasa da ƙaramin cokali ɗaya. A yankin rake kamar Makarfi da Kudan, a tuna cewa rake da mazarƙwaila sukari ne ga mai ciwon sukari.

Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro. A zafin Maris da Afrilu a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, sai in likita ya taƙaita masa saboda zuciya ko ƙoda. Da hunturu kuma kada a rufe ɗaki da kaskon gawayi a ciki, iskarsa na kisa ba tare da wari ba, ƙafar da ba ta jin zafi kuma tana iya ƙonewa bai sani ba.

Magani

Maganin hawan jini, irin su amlodipine, ba a dainawa don awo ya sauka. Maganin ne ya saukar da shi. Mutum ɗaya ya riƙe ragamar bayarwa, kuma duk ranar asibiti a tafi da ledar magungunan gaba ɗaya, har da na gargajiya. Haɗin ciwon jiki da ake saya a kemis yawanci akwai diclofenac ko ibuprofen a ciki, waɗanda ke iya fasa gyambon ciki, su lalata ƙoda, su ɗaga hawan jini. A ganina wannan haɗin na cikin abubuwan da suka fi cutar da tsofaffi a ɓoye.

Yaushe za a garzaya asibiti?

Karkacewar baki, mutuwar hannu ko sarƙewar magana farat ɗaya. Haki ko zazzaɓi. Gyambo mai wari, ruwa ko baƙi. Baƙin bayan gida. Rashin fitsari yini guda. Haka nan ruɗewa ta kwatsam. Tsohon da jiya yake lafiya yau yana sambatu, kada a ce gigin tsufa ne ko iska. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar kwana ɗaya yawanci ciwon mafitsara ne, ciwon huhu, faɗuwar sukari ko wani magani, kuma ana warkar da ita. A fara da babban asibitin Ikara ko na Makarfi. In ana buƙatar hoton ƙwaƙwalwa ko likitocin gashin ƙashi, za a tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

Mai jinya

Juyi duk awa 2 ya fi ƙarfin mutum ɗaya, balle da damina da kowa ke gona. 'Ya'ya su zauna su raba kwana da kuɗin magani, mazan su ɗauki wankan mahaifinsu da ɗaga shi. Mai jinyar da ta daina barci, take yawan kuka ko ta fara yi wa tsohon tsawa, ita ma a kai ta ta ga likita, a kuma ba ta hutun aƙalla yini ɗaya a mako.