Bikin Ganesha a Haikalin Flushing na Birnin New York

Asalin wannan biki yana komawa ne ga dokar shige da fice da Amurka ta zartar a 1965, wadda ta buɗe ƙofa ga likitoci da injiniyoyi daga Indiya, waɗanda, bayan sun zauna da iyalansu a unguwar Queens, suka ga lallai ne su sami wurin ibada irin na ƙasarsu. A 1970 Alagappa Alagappan, ma'aikacin Majalisar Ɗinkin Duniya ɗan asalin Tamil Nadu, ya jagoranci kafa ƙungiyar da ta sayi filin wata tsohuwar majami'ar Rashawa a titin Bowne, aka tsarkake haikalin ranar 4 ga Yuli, 1977. Sunan titin kansa na John Bowne ne, wanda gwamnan da Holan ta naɗa a yankin, Peter Stuyvesant, ya kama a 1662 domin ya bar 'yan ɗariƙar Quaker suna ibada a gidansa.

Bikin yakan faɗo a Agusta ko Satumba, ana kwana tara ana addu'o'i da wanka wa gunkin Ganesha mai kan giwa, sa'an nan a ɗora shi bisa karusar azurfa a zagaya titunan Flushing, ana busa nadaswaram, wadda amonta ya yi kama da algaitar fada, ana kaɗa ganga, jama'a na rawa.

Amma rawar Bharatanatyam, wadda 'yan matan al'ummar ke nunawa a zauren haikalin, ita ce mai tarihi mafi ban mamaki. Kuma kada mai karatu ya ɗauke ta daidai da rawar fina-finan Indiya da muka saba gani, domin kowane motsin yatsa da ido a cikinta yana da ma'anarsa ƙayyadajjiya. A da, matan da aka keɓe wa haikalai, devadasi, su ne ke gadonta, har zargin fasiƙanci ya sa hukumar Madras ta haramta keɓewar da rawar mata cikin haikali a 1947. Kafin nan Rukmini Devi Arundale ta riga ta kafa makarantar Kalakshetra a 1936, ta mayar da rawar fannin ilimi da 'ya'yan manyan gidaje za su koya ba tare da abin kunya ba, kuma ta wannan silsila ta malamai da almajirai ne rawar ta ƙetare teku, har jikokin baƙin 1965 suke koyonta a Queens.