Yahuza da Judas Suna Ɗaya Ne: Tarihin Sunayen da Mutum Ɗaya Ya Ɓata

 Darasin tarihi na wannan karon a kan suna ne.

Duk wanda ya daɗe a kudancin ƙasar nan ya san maƙwabtanmu Kiristoci, Yarabawa da Ibo da sauransu, daga Littafi Mai Tsarki suke ɗibar sunayen 'ya'yansu: Peter, Paul, John, Esther, Ruth, Deborah. Haka 'yan uwanmu Kiristocin arewa suke da Bitrus, Bulus, Yohanna, Rifkatu da Saratu. Amma akwai sunayen da suke cikin littafin, kuma da wuya ka ji an raɗa wa jariri: Judas, Yezebel, Kayinu, Hirudus, Bilatus. A gidajen Musulmi ma ba a jin Fir'auna ko Hamana ko Ƙaruna. Akwai Habila da yawa a arewa, amma sunan ɗan uwansa da ya kashe shi babu mai so.

Abin da tarihi ya nuna shi ne, wasu daga cikin waɗannan sunaye ne na yau da kullum kafin wani ya zo ya ɓata su. Wasu sun mutu, wasu sun tsira, kuma akwai dalilin hakan.

Mu fara da wanda ya fi kusa da mu. Judas lafazin Girkanci ne na sunan Ibrananci Yehuda, wato sunan da Bahaushe ke cewa Yahuza. Shi ne ɗa na huɗu ga Annabi Yakubu, yayan Annabi Yusuf, kuma ma'anar sunan tana komawa ga yabo da godiya. Daga zuriyarsa Annabi Dauda ya fito, da sunansa aka kira masarautar da Urushalima ce hedikwatarta har Babila ta rushe ta a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma daga gare shi kalmar Yahudawa ta samo asali. A wasu littattafan tafsiri an ambaci cewa shi ne ya kai wa mahaifinsu rigar Yusuf da albishir.

A shekara ta 167 kafin haihuwar Annabi Isa, Yahudawa suka yi wa sarkin Girkawa na Siriya tawaye. Jarumin da ya jagoranci yaƙin shi ne Yahuza Makabi, wanda ya ƙwato Haikalin Urushalima a shekara ta 164. Daga nan sunan ya ƙara farin jini, har ya zama cikin sunayen maza da suka fi yawa a ƙasar a zamanin Annabi Isa. Cikin almajiransa goma sha biyu, biyu ne masu suna Yahuza. Cikin waɗanda Linjila ta lissafa a matsayin 'yan uwansa ma akwai wani Yahuzan. Sunan ya yi yawa har sai da marubucin Linjilar Yohanna ya tsaya ya fayyace cewa ba Iskariyoti yake nufi ba, da ya zo ambaton ɗaya almajirin.

To, shi Yahuza Iskariyoti, bisa ruwayar Kiristoci, shi ne ma'ajin almajirai, ya karɓi kuɗin azurfa 30 daga manyan firistoci, ya nuna musu malaminsa da sumba a lambun Getsamani. Wake ɗaya ke ɓata gari. Cikin ƙarnukan da suka biyo baya a Turai, sunan ya tashi daga suna ya koma zagi. A Faransanci har yau ƙaramar kafar da ake leƙen baƙo ta jikin ƙofa ana ce mata judas. A mayankan dabbobi na Amurka, akuyar da aka horar tana jan tumaki zuwa wurin yanka da sunansa aka riƙa kiranta. A Meziko da Girka da Brazil har yanzu ana yin mutum-mutuminsa a ƙone ko a dake shi lokacin bikin Ista.

Sai dai sunan bai mutu gaba ɗaya ba, kuma masu fassara ne suka cece shi. A Girkanci rubutu ɗaya ne ga maci amanar da ɗaya almajirin da ɗan Annabi Yakubu. Da aka zo fassara zuwa Turanci sai aka raba: ɗan Yakubu ya zama Judah, marubucin wasiƙar da ke kusa da ƙarshen Sabon Alkawari ya zama Jude, aka bar wa Iskariyoti Judas. Haka yake a fassarar Sarki James ta 1611. 'Yan Katolika suka ɗauki Jude waliyyin da ake roƙo da shi idan al'amari ya gagara, suna bikinsa ranar 28 ga Oktoba, kuma da sunansa aka buɗe shahararren asibitin yara na birnin Memphis a Amurka a 1962. Shi ya sa abokin cinikinka Ibo zai iya zama Jude, amma ba za ka ji ya ce sunansa Judas ba, alhali harafi biyu ne tsakaninsu kuma asalinsu ɗaya.

A Hausa kuwa ba a yi wannan rabon ba. A fassarar Hausa ta Littafi Mai Tsarki za ka tarar da Yahuza Iskariyoti, a wani bugun Yahuda. Duk da haka Malam Yahuza yana nan a kowace unguwa da mutuncinsa, domin ta ƙofar labarin Annabi Yusuf sunan ya shigo mana, ba ta ƙofar lambun Getsamani ba. Suna ɗaya, a can abin kunya, a nan abin alfahari.

Yezebel ba ta samu mai cetonta ba. 'Yar Etba'al sarkin Sidon ce, a gaɓar tekun Lebanon ta yau, ta auri Ahab sarkin Isra'ila a ƙarni na 9 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafin Sarakuna ya ce ta ɗaukaka bautar gunki Ba'al, ta farauci Annabi Iliya, ta shirya shaidun zur aka jefe Nabot don mijinta ya mallaki gonar inabinsa. Ƙarshenta an wurgo ta ta taga bisa umarnin Yehu. Tun a Sabon Alkawari littafin Wahayi ya ari sunanta ya kira wata mata ta birnin Tiyatira da shi don zargi. Babu wata Yezebel ta kirki a littafin da iyaye za su ce da ita suke nufi, don haka sunan ya tsaya a zagi. A zamanin bauta a Amurka, da shi aka riƙa jifan mata baƙar fata cewa ba su da kamun kai, don a wanke iyayengijin da ke cin zarafinsu.

Bambancin ya fito fili idan muka duba Hananiya. Akwai Hananiya mijin Safiratu da ya yi ƙarya kan kuɗin fili ya faɗi matacce, akwai kuma Hananiya na Dimashƙu da ya yi wa Bulus addu'a idonsa ya buɗe. Na biyun ya rufa wa na farkon asiri, shi ya sa har gobe ana jin sunan a cocin arewa.

Wani abin kuma, wanda wata al'umma ta ƙi, wata tana ɗaukarsa. Bilatus, gwamnan Rum a Yahudiya daga shekara ta 26 zuwa ta 36, shi ne a Linjila ya yanke wa Yesu hukunci, amma Cocin Orthodox na Habasha yana lissafa shi cikin waliyyai. Nimrod, wanda malamanmu ke kira Namarudu kuma suke danganta shi da jayayya da Annabi Ibrahim, a ƙasar Hungary kakan al'umma ne a tatsuniyar asalinsu, kuma ana raɗa wa yara sunansa. A Isra'ila ta yau ma akwai masu suna Nimrod, da Omri, sunan mahaifin Ahab wanda littafin ya kira mugun sarki. Nan kusa da mu, Samuel Johnson a littafinsa na tarihin Yarabawa da aka buga a 1921 ya kawo ruwayar cewa Oduduwa ɗan wani sarki ne mai suna Lamurudu, ya kuma danganta sunan da Nimrod. Delila, wadda ta tona wa Filistiyawa asirin ƙarfin Samson don kuɗi, sunanta ya dawo da ƙarfi a Amurka, har ya shiga cikin sunayen mata 100 da aka fi raɗawa a 'yan shekarun nan. Fir'auna kuwa tun asali ba sunan mutum ba ne, laƙabin sarauta ne da ke nufin babban gida, wato fada.

Inda abin ya yi muni shi ne lokacin da zunubin mutum ɗaya ya hau kan jama'a. Da yake sunan Yahuza da kalmar Yahudawa tushensu ɗaya, masu wa'azi da masu zane a Turai suka riƙa gwama su, aka manta cewa sauran almajiran da shi kansa Annabi Isa daga al'ummar suka fito. Makon Ista ya zama lokacin fargaba ga Yahudawan Turai. A 1215 babban taron Coci a Rum ya hana su fita bainar jama'a a kwanaki uku na ƙarshen makon. A watan Agusta na 1938 gwamnatin Hitler ta yi dokar da ta tilasta wa Yahudawan Jamus ƙara Isra'ila a sunan namiji, Sara a sunan mace, don a gane su a takarda. Sunayen annabi da matar annabi aka mayar tambarin wulaƙanci. A Jamus ta yau ofishin rajistar haihuwa yana da ikon ƙin sunan da zai jawo wa yaro cutarwa, kuma Judas na cikin irin waɗanda ake ƙi.

Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu, wannan tarihin ya shafe mu ta fuska biyu. Ta farko, ranar suna. Yaron da za a raɗa wa suna a Sabo ko Agege, makarantarsa da kasuwarsa cikin masu wani yare da wani addini za su kasance, don haka yana da kyau uba ya tambayi yadda sunan yake sauka a kunnen maƙwabta kafin a yanka rago. Ta biyu, bakinmu. Idan rikicin shugabanci ya taso a kasuwa ko a ƙungiya, da sauri ake cewa wane Judas ne, wance Yezebel ce, wane Fir'auna ne. Rikici yakan wuce a sasanta, amma laƙabin yakan manne wa mutum har 'ya'yansa su gada. Mun san yadda muke ji idan wani ɗan arewa ya yi laifi a garin nan aka ce duk Hausawa ne. Abin da aka yi wa sunan Yahuza ke nan, aka kuma yi wa al'ummar da ta fito daga tsatsonsa.

Hausawa sun ce suna linzami ne. Allah ya ba mu ikon zaɓa wa 'ya'yanmu nagari, ya kuma sa kada mu zama sanadin ɓata wanda iyayenmu suka ba mu.

Daga Sakataren Ƙungiya.