Malam Ibrahim Shekarau, Gwamnan Kano (2003–2011)

An haifi Ibrahim Shekarau a birnin Kano a 1955, mahaifinsa ɗan sanda. Ya karanta lissafi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ya riƙe alli, ya shugabanci makarantun sakandare har ya kai babban sakatare. A 2003 ya tsaya takara a ANPP. Guguwar Buhari da goyon bayan malamai, waɗanda ke ganin gwamna mai ci Rabi'u Musa Kwankwaso na jan ƙafa kan shari'a, suka kai shi gidan gwamnati.

Bai daɗe da hawa ba ya dakatar da rigakafin shan-inna, bayan Dakta Datti Ahmed da wasu sun yi zargin an gurɓata maganin don hana haihuwa. Tsoron yana da tushe: Kanawa ba su manta da gwajin Trovan da Pfizer ya yi wa yara ba lokacin sanƙarau na 1996. Amma cuta ba ta san iyaka ba. Ta tsallaka Nijar da wasu ƙasashe, har ta kai Yaman da Indunisiya. Sai a Yulin 2004 aka koma ɗiga wa yara maganin, wanda aka sayo daga Indunisiya. Cikin duk matakansa babu mai tsada kamar wannan, kuma ƙananan yara ne suka biya.

A gida kuwa ya ba Hisba doka da albashi, ya kafa A Daidaita Sahu don gyaran tarbiyya. A 2005 aka hana mata hawan acaɓa, gwamnati ta kawo babura masu ƙafa uku da labule. Sunan shirin ya bi keken, har ma a Damagaram adaidaita ake ce masa. A 2006 gwamnatin Obasanjo ta haramta Hisba, ta kama kwamandanta Shaikh Yahaya Faruk Chedi da mataimakinsa Abubakar Rabo.

Rabon ne ya karɓi hukumar tace finafinai a 2007, shekarar da aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a. Aka ɗaure Adam A. Zango, a 2008 kuma Hamisu Lamido Iyan-Tama, 'yan fim da dama suka yi ƙaura zuwa Kaduna.  Iyaye da yawa sun yaba, marubuta da 'yan fim suka kira matakin danniya.

Shekarau ne gwamnan Kano na farko da ya ci zaɓe karo biyu a jere. A 2011 ya nemi shugabancin ƙasa ya zo na huɗu, ɗan takararsa Salihu Sagir Takai kuma ya sha kaye a hannun Kwankwaso. Ya zama ministan ilimi a 2014 ƙarƙashin Jonathan, sannan sanatan Kano ta Tsakiya a 2019.