Hatimi

hatimi (suna, namiji, jam'i: hatimai). Daga Larabci.

1. Tambarin da sarki ko hukuma ke bugawa a takarda don tabbatar da ita.

2. A lissafi: zane mai kusurwa huɗu da aka raba gida-gida, kowane gida da lambarsa, ta yadda duk layin da aka tara, a kwance, a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai bayar. Mafi ƙanƙanta shi ne mai gida tara: 4, 9, 2 a sama, 3, 5, 7 a tsakiya, 8, 1, 6 a ƙasa. Ta ko'ina 15 ne, kuma dole 5 ta zauna a gidan tsakiya. Sinawa sun san shi tun zamanin da.

Muhammad al-Kashinawi, malami Bafulatani daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a 1732 kan hanyoyin tsara hatimai masu gidaje mara a kowane gefe. Ya rasu a Alƙahira a 1741. 

Misali: *Malama ta zana hatimi a allo, ta ce mu cike gidajen.*